Me ya sa har yau babu wanda ya kamo tsallen Mike Powell na 1991?

Sani_Agege

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san hirar ƙwallo ce ta fi ci a nan, amma ba za a rasa masu bin guje-guje da tsalle-tsalle ba, su nake nema.

A gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a Tokyo cikin watan Satumban 2025, wani yaro ɗan Italiya, Mattia Furlani, shi ya ɗauki zinare a dogon tsalle na maza da mita 8.39. Tajay Gayle na Jamaika ya bi shi da 8.34, ɗan Chana Shi Yuhao ya zo na uku da 8.33. To a wannan garin dai, a irin wannan gasar, Mike Powell na Amurka ya yi 8.95 a 1991, kuma har yau shi ne tarihin duniya. Tsakanin zakaran 1991 da na 2025 akwai santimita 56, fiye da rabin mita ke nan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gudu kullum gaba ake ci. Mita 100 yana daƙiƙa 9.86 a 1991, Usain Bolt ya sauko da shi 9.58 a 2009. Takalma sun canza, filaye sun canza, kowane ɗan wasa yana da likita da mai lura da abincinsa. Me ya sa dogon tsalle ya ƙi motsi? Mutanen da ne suka fi ƙarfi, ko akwai abin da ban gane ba?

Ba don hira kawai nake tambaya ba. Ɗan yayana da ke hannuna, shekararsa 15, yana SS1, shi ya cinye dogon tsalle a inta-haus ɗin makarantarsu, tun daga ranar ba shi da zance sai wannan. Bayan sallar asuba sai ya nufi wani fili kusa da layin dogo inda magina suka jibge yashi, ya yi ta dirka kafin lokacin makaranta. Iyayensa suna Funtuwa, amana aka ba ni. Ina so in san ko hanya ce mai ɓullewa, in kuwa haka ne, ina ake kai yaro a Legas?

Malam_Garba_IdiAraba

Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Aikin koyar da motsa jiki na yi a makarantun sakandare a nan Legas har na yi ritaya, kuma duk cikin wasannin fili babu wanda ya kwanta mini a rai kamar dogon tsalle.

Da farko kada ka auna kowa da daren 30 ga Agusta 1991. Ba a taɓa yin irinsa ba kafin nan, ba a kuma sake ba. Bari ka ji yadda aka yi.

Carl Lewis ya shigo Tokyo yana da shekara goma ba a kayar da shi a dogon tsalle ba, gasa 65 a jere. Wannan 9.86 da ka ambata ma nasa ne, kwana biyar kafin daren ya kafa shi a filin. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, wato 8.90 na Bob Beamon da ke nan tun Olamfik ɗin 1968. Powell kuwa shi ne mutumin da kullum yake zuwa na biyu. A zagayen farko Powell ya yi 7.85, Lewis ya buɗe da 8.68. Powell ya matso zuwa 8.54. A na uku Lewis ya yi 8.83 da taimakon iska. A na huɗu Powell ya yi wani tsalle mai nisan gaske, sai alƙali ya ɗaga jar tuta, ɗan yatsan takalminsa ya haura layi. Nan take Lewis ya zo ya yi 8.91, ya wuce Beamon da santimita ɗaya. Amma na'urar auna iska ta nuna mita 2.9 a daƙiƙa, doka kuwa ta ce in iskar da ke tura ka ta wuce 2.0, za a lissafa maka tsallen a gasa amma ba za a rubuta shi a matsayin tarihi ba.

Sai zagaye na biyar. Powell ya taho, ya taka katakon da ake tashi a kai daidai, ya dira a 8.95, iska 0.3 kacal. Lewis yana da saura biyu, kuma nan ne nake ganin girmansa, domin bai karaya ba. Ya yi 8.87, ya sake yin 8.84. Ka duba fa, mutum ya haura 8.80 har sau huɗu a dare ɗaya, ya tashi da azurfa. Larry Myricks da ya zo na uku 8.42 ya yi, wanda da a 2025 ne zinare zai ɗauka.

Abu na biyu, haka tarihin wannan wasa yake tun asali, ba ya tafiya a hankali kamar na gudu. Sai ya yi shiru shekaru, sannan mutum ɗaya ya fizge shi a rana ɗaya. Jesse Owens ya yi 8.13 a 1935, sai 1960 aka wuce shi. Beamon ya tarar da 8.35, ya ƙara santimita 55 a tsalle ɗaya, har na'urar awon da aka kafa a filin ta gaza kaiwa, sai da aka ɗauko tef aka auna da hannu. Shi ma akwai abin da ya taimaka masa: birnin Mexico, inda aka yi wannan Olamfik ɗin, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,200, iskar can ba ta da kauri, ga ta baya ta tsaya cif a 2.0. Nasa ya yi kusan shekara 23.

Dalili kuwa shi ne abubuwa da yawa ne dole su haɗu cikin ƙiftawar ido. Ɗan wasa yana tahowa daga nisan mita 40 ko fiye, taku wajen ashirin, lokacin da zai iso yana gudun da ya kusa mita 11 a daƙiƙa. A cikin wannan gudu ake so ya ɗora ƙafa a kan katako mai faɗin santimita 20. In ya haura, fawul. In ya tashi tun kafin ya iso, ya yi asara, domin daga bakin layi ake fara awo, ba daga inda ƙafarsa ta tashi ba. Ƙafar ba ta daɗewa a ƙasa, kaɗan ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a cikinsa zai juya gudun ya koma tashi. Sannan a yashi, alamar da ta fi kusa da katako ake aunawa, ko ta hannu ce ko ta mazaunai ko gefen riga. Kamar mai tsallake kwata ne a guje bayan ruwan sama, da zarar ya tsaya duba inda zai sa ƙafa, gudun ya mutu, cikin kwatar zai faɗa. Ga iska kuma da ba a hannun kowa take ba. Powell da kansa ya yi 8.99 a Sestriere ta Italiya a 1992, iska ta yi yawa. Ivan Pedroso na Kyuba ya yi 8.96 a wannan wurin a 1995, aka ƙi karɓa saboda an ga wani tsaye a gaban na'urar auna iska. Juan Miguel Echevarría ya yi 8.83 a Stockholm a 2018, iska 2.1, ɗigo ɗaya ya raba shi da doka.

Amma in ka ce in zaɓi dalili ɗaya, ga nawa: masu gudun gaske sun bar ramin yashi. Owens da Lewis su ne suka fi kowa gudu a zamaninsu, kuma suna tsalle. Yau yaron da Allah ya ba irin wannan ƙafa, kocinsa mita 100 zai tura shi, can kuɗi da suna suke, ga shi babu dukan gwiwa da idon sawu irin na tsalle. Marcell Jacobs na Italiya ɗan dogon tsalle ne, ya bari ya koma gudu, ya ci zinaren mita 100 a Olamfik ɗin Tokyo da 9.80. A Amurka Marquise Goodwin ya wakilce su a dogon tsalle a Landan 2012, bayan shekara ɗaya ya shige ƙwallon Amurka. Shi ya sa tun daga wancan dare babu wanda ya haura 8.74 a tsallen da doka ta karɓa.

Auwalu_Mile12

Baba Malam Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Amma da izininka akwai abin da ka tsallake. Shekarun 1980 zuwa farkon 1990 zamanin ƙwaya ne a wasannin nan, kowa ya san abin da ya faru da Ben Johnson, ɗan tseren da aka ƙwace wa zinaren mita 100 saboda ƙwaya a Olamfik ɗin Seoul 1988. Hukumar WADA mai gwajin 'yan wasa sai 1999 aka kafa ta. Ban kama sunan kowa ba, amma ba dogon tsalle kaɗai ne tarihinsa ya maƙale tun wancan zamani ba, na mata ma 7.52 yana nan tun 1988. Ni ina ganin yaran yanzu da ake bi har gida ana ɗibar jininsu bai kamata a ce sun gaza ba.

Kuma wallahi gasar yanzu ta fi daɗin kallo. A Budapest 2023 Miltiadis Tentoglou na Girka da Wayne Pinnock na Jamaika kowa ya yi 8.50, aka koma tsalle na biyu mafi nisa, Pinnock yana gaba da santimita ɗaya, 8.40 da 8.39. A tsallen ƙarshe Tentoglou ya yi 8.52 ya ƙwace. Haka ya yi wa Echevarría a Olamfik ɗin Tokyo, ya kamo 8.41 ɗinsa a zagaye na shida ya ci da tsalle na biyu. Shi ma haka Wang Jianan na Chana ya yi masa a Eugene 2022 da 8.36 a zagayen ƙarshe.

Sannan ni na goyi bayan shawarar da hukumar guje-guje ta duniya ta kawo a 2024, a cire katako a sa wuri mai faɗin santimita 40, a auna daga inda ƙafa ta tashi. Su da kansu suka ce kashi ɗaya cikin uku na tsallen da aka yi a Budapest fawul ne. Mutum ya sayi data yana kallo a waya, rabin lokaci jar tuta yake gani.

Maman_Khalil_Obalende

Salamu alaikum. Malam Sani, ni tambayarka ta biyu ce ta tsayar da ni, don ni ma uwa ce, kuma aikin jinya nake.

Ku maza kuna ta lissafin Amurka da Girka, alhali wannan wasa namu ne a Najeriya, mata ne dai suka riƙe shi. Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta yi 7.12 a tsallenta na farko a Atlanta 1996 ta kawo zinare. Ese Brume ta ci tagulla a Doha 2019, tagulla a Olamfik ɗin Tokyo, azurfa a Eugene 2022, kuma 7.17 da ta yi a 2021 ya zama tarihin Afirka. Ke nan ba abin da ya fi ƙarfin ɗan ƙasar nan ba ne. Abin da ke damuna, ka je duk inda ake atisayen guje-guje a Legas, da wuya ka ji ana Hausa, ga yaranmu dogaye masu ƙafa cike da Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, duk ƙwallo suka sa a gaba.

Shawarata biyu. Kada ya saki karatu ko da wasa, domin hanyar da yawanci ke bi su fita ita ce jami'o'in Amurka masu ɗaukar nauyin 'yan wasa, shi Pinnock ɗin da Auwalu ya ambata daga jami'ar Arkansas ya fito, kuma ba sa ɗaukar wanda ba shi da takardar WAEC mai kyau. Na biyu, ka sa ido a kan abin da yake sha. Da zarar yaro ya fara fice, masu ba shi shawarar ƙwayar ƙarin ƙarfi daga kemis za su fito, har da tiramadol. Blessing Okagbare da lambar Olamfik a dogon tsalle, amma a 2022 aka dakatar da ita shekara goma sha ɗaya saboda haramtattun magunguna. Wake da ƙwai da kifi da barci isasshe sun wadatar da ɗan shekara 15.

Yashin magina kuma a raba shi da shi. Tsibi ne, ƙarƙashinsa ƙasa ce mai tauri, wani lokaci da ƙusa da guntun bulo a ciki. Muna ganin irin raunukan da yake jawowa.

Malam_Garba_IdiAraba

Hajiya Allah ya saka da alheri, maganar yashin nan ita ce ta fi komai gaggawa. Ramin gaske ana haƙa shi ne a cika da yashi mai laushi, a tone shi a jiƙa, a baje shi daidai da ƙasan da ake gudu a kai.

Auwalu ɗana, maganar ƙwaya gaskiya ce a dunƙule, zamanin ya yi ƙaurin suna. Sai dai zato ba ya soke awo, 8.95 yana nan a rubuce ba a taɓa cire shi ba, ni kuma ba na ɗora wa mutum abin da ba a kama shi da shi ba. A kan daɗin kallo ban musa maka ba, Tentoglou yana da zuciya, zinaren Olamfik biyu a jere ba wasa ba ne, a Paris 2024 da 8.48 ya ci. Amma batun cire katako ban yarda ba sam. Katakon shi ne wasan. Abin da muke kashe shekaru muna koya wa yaro shi ne ya zo a guje bai rage ba, bai kalli ƙasa ba, ƙafarsa ta sauka inda ya dace. In ka cire wannan, ka cire abin da ya raba Powell na zagaye na huɗu da Powell na zagaye na biyar. Kuma ɗan kallo a fili ba zai ƙara sanin wanda ke gaba da idonsa ba sai kwamfuta ta faɗa masa. Mu nan da wace na'ura za mu auna a inta-haus? Carl Lewis ya soki shawarar, Tentoglou ma cewa ya yi in aka tabbatar da ita zai bar wasan ya koma tsalle mai taku uku.

Malam Sani, ga ma'aunin da za ka riƙe. Yusuf Alli ya yi 8.27 a nan Legas cikin watan Agustan 1989, a gasar Afirka, ya zama tarihin Najeriya da ya shafe sama da shekara talatin. Shi ne ya ci zinaren Commonwealth a Auckland a 1990. To 8.27 ɗin nan shi ne daidai awon da aka gindaya wa mai son shiga Olamfik ɗin Paris kai tsaye. Wannan yana nuna maka inda mazanmu suka tsaya, yana kuma nuna maka cewa wurin babu cunkoso. A mita 100 yaronka zai tarar da ɗaruruwa a gabansa a ƙasar nan, a dogon tsalle kuwa 'yan kaɗan ne. Afirka ma ba baya take ba, Luvo Manyonga na Afirka ta Kudu ya yi 8.65 a 2017 ya kuma ci gasar duniya a Landan a shekarar, Ignisious Gaisah na Gana ya ci azurfa a Helsinki 2005. Shi kansa Furlani mahaifiyarsa 'yar asalin Senegal ce, ita ke horar da shi.

Wurin zuwa, Surulere. Babban filin wasa na ƙasa da Teslim Balogun suna kallon juna, a nan kociyoyin guje-guje suke taruwa da sassafe, akwai kuma filin kwalejin Yabatech da na jami'ar Legas a Akoka. Daga Agege ku hau jirgin ƙasa na Red Line ku sauka Yaba, daga nan mota ɗaya ce. Ka je da kanka ranar Asabar, ka tsaya ka ga yadda kocin yake mu'amala da yara kafin ka miƙa amanar mutane. Ka tambaya ko yana da rajista da ƙungiyar guje-guje ta jihar Legas, domin ta nan ake zaɓen masu zuwa gasar matasa ta ƙasa. In ka ga koci yana sa ɗan shekara 15 dirka kullum ko ɗaga ƙarfe mai nauyi, ka ɗauke yaronka. A shekarunsa gudu ne gaba, gajere mai ƙarfi, mita 30 zuwa 60, tsalle cikakke kuwa sau biyu a mako ya isa.

Sani_Agege

Na gode ƙwarai Baba Malam, na gode Hajiya, Auwalu kai ma. Na karanta wa yaron duka, yashin magina kuma an rufe babinsa daga yau. Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga Surulere. Tambaya ɗaya ya ce in ƙara: wani lokaci da ƙafar hagu yake tashi, wani lokaci da dama, wacce zai riƙe? Kuma sai na saya masa takalmi mai ƙusa tun yanzu?

Malam_Garba_IdiAraba

Ya riƙe ɗaya. Ka sa shi ya ɗan taho da gudu ya yi tsalle ya taɓo wani abu a sama ba tare da ya yi tunani ba, ka maimaita, ƙafar da ya fi tashi da ita ita ce tasa. Yawancin masu amfani da hannun dama, da ƙafar hagu suke tashi. Canzawar da yake yi alama ce takunsa bai daidaita ba, bai da wurin farawa tsayayye. Koci zai sa ya fara da taku 12 ko 14, a auna da tef, a sa alama, kullum daga nan zai tashi da ƙafa ɗaya.

Takalmi mai ƙusa kada ka yi gaggawa, ƙafarsa tana kan girma, kuma na dogon tsalle daban yake da na gudu. Kambas mai kyau ya ishe shi watannin farko. In lokaci ya yi kocin zai faɗa maka irin wanda za ka nema, ana samun na gwanjo masu kyau a Yaba. Ku tafi da ruwa da ɗan abin kari, ku isa kafin bakwai, rana tana yi ake tashi.